Yatsan Sammani Wanzami

"Wai a birni akwai na'urar da ake ɗaura wa mutum a ƙirji, in ya yi ƙarya ta tona shi."

"Mu ina ruwanmu da na'ura? Ga Sammani nan."

"Wannan tsohon? Ban da aski da surutu me ya iya?"

"To zauna gabansa ka ce ba ka zuwa zance gun zawarawa, ka sha mamaki."

Sammani wanzami yana jin hirar samarin da ke rumfar mai shayi, yana wasa askarsa. Tun yana saurayi yake yawon aski a kasuwannin Batsari da Safana, zabira a kafaɗa. Da barkwanci ya yi suna: in ya dafa wuyan mutum zai gyara masa ƙeya, sai ya jefa masa tambaya, ya ce jijiya ta harba, ƙarya yake. A yi dariya a watse.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, abin ya wuce wasa. Ran wata kasuwa 'yan sa-kai suka taso ƙeyar Armaya'u, wani mai sayar da gyaɗa daga Karare, hannuwansa a ɗaure, har gaban Sammani. Wai shi ke kai wa 'yan daji rahoto.

Sada, shugabansu, ya ce, "Baba, taɓa mana shi. In jijiyarsa ta harba, mu wuce da shi bayan gari."

Wanda suka kai bayan gari kuwa ba ya dawowa.

Sammani ya dafa wuyan Armaya'u. Jijiya na ta dukan yatsansa. To amma haka ta ango take yi, haka ta mai zazzaɓi. Ya kuma taɓa aske wani riƙaƙƙen ɓarawon shanu da ya yi ta gyangyaɗi a hannunsa hankali kwance.

Ya janye hannu. "Da tsoro da ƙarya, yatsan nan bai san bambancinsu ba."

"Baba, kada ka ɓata mana lokaci. Ta harba ko ba ta harba ba?"

"Ku kai shi wajen hukuma a bincika. Daga bakina dai ba za ku ji ba, ko za mu kwana nan."

Sada ya haɗe rai, ya gyara ratayen bindigarsa. Sammani bai kau da ido ba. Ya kakkaɓe buzu ya shimfiɗa, ya buɗe aska.

"Sada ɗana, ajiye bindigar nan ka zo ka zauna. In ɗora maka aska a maƙogwaro, in tambaye ka sunan babanka kawai. Mutanenka su matso su dafa wuyanka su ji."