Wasiƙa Goma Sha Ɗaya Kafin A Goge Shafin Ƙanena

Ƙarfe bakwai take buɗe shago, ta share tebur, ta kunna tsohuwar kwamfutarta wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Shekara ashirin da shida tana buga wa mutane takardu a bakin kotu, har kowa Sakatariya yake ce mata. Yanzu ido ya gaza, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ni ganau ne. Ƙanena ya rasu, amma shafinsa na sada zumunta ya ƙi mutuwa. Duk shekara sai saƙo ya faɗo wayar Innarmu: yau ranar haihuwarsa ce, ki taya shi murna. Kwana uku take yi tana kuka. Na nemi kamfanin ya goge shafin, wai sai mai shi ya turo hotonsa riƙe da katin shaida. Daga kabari? Buɗe shafi minti biyu ne, amma fita sai ka ce gidan yari. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Da na kai wa Sakatariya kukana, ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, doka ta ba ku haƙƙin a goge. Sun san da ita sarai, so suke ka gaji."

Ita kuwa ta tsaya kai da fata. Wasiƙa goma sha ɗaya ta rubuta, kowacce da sashen dokar da ranar cikar wa'adi, ta ƙarshe ta kai wa hukumar kare bayanai da ƙafarta. Wata bakwai! Ƙaton kamfani mai tarin lauyoyi, sai dattijuwa ce za ta karanta masa doka. Babu ko kunya.

Ranar da suka amince, ta hana ni danna komai. "Je ka ɗauko Innarku. Abin da aka goge ba ya dawowa." Ta zauna da Inna, ta kwashe mata hotunansa, har ta tono wani saƙon murya da ya taɓa turo min: "Yaya, ka ce wa Inna ta ajiye min abinci, ina hanya."

Inna ta saurara sau uku, ta share ido da gefen mayafi. "To, yanzu a goge."

Ke ce gatan marar gata, Sakatariya. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar ido. Ku kuma masu ilimi da kuka san dokar nan kuka naɗe hannu, akwai iyaye da yawa da wayarsu ke sa su kuka. Wa zai rubuta musu wasiƙar farko?