Yaya Illa da allurar da ya ƙi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Illa, mai gyaran injin ban ruwa a Madawa, kuma har yau in na tuna shi sai in yi masa addu'a, sannan in ci gaba da faɗan da ba mu gama ba. Bana faɗan ya dawo ɗanye, don tawa zuciyar ta soma irin kiɗan tasa, lokotoro, wato likitan zuciya, kuma ya rubuta mini aiki iri ɗaya.

Zuciyar Yaya kalangu ce. In ta tashi, na rantse ana jin ta daga Madawa har garin Azarori. Ɗansa da ke bida, wato ci-rani, ƙasar waje ya kai shi babbar likita, asibitin can, ni kuwa na bi su da guntun Faransancina na lakwal, makarantar boko, ina tafinta. Lokotoro ya ce za a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har zuciya, a ƙone wurin da ke rikita bugun. In an gama, a yi masa wata allura mai tsokanar zuciya, a gani ko ciwon ya mutu ko laɓewa ya yi. In ya ɗago kai, a ƙara ƙona shi nan take. Ya ce gwajin ba duban boka ba ne, wani kan tsallake shi ciwon kuma ya dawo, amma ya fi a tashi ba a leƙa ba.

Ƙuna, Yaya ya yarda. Allurar ce ya ƙi.

"Macijin da ya kwanta, mi ya kai ku tada shi?"

"Haba Yaya! Kai da ba ka miƙa ma mai garka inji nai sai ka ba shi wuta har ya yi kururuwa?"

"Wancan ƙarhe na. Hwaɗa mai ba ni so."

Wanzami ba ya son jarfa! Mutumin da ke tsai da masu albasa cikin rana tun hantsi har azahar, wai sai ya ji tarin inji da kunnensa, shi ne ya hana a saurari nasa.

Damina biyu ya yi garau, sai kalangu ya dawo, Yaya kuma ya ƙi komawa wurin lokotoro. Ban ce allura na hana ajali ba. Kwana in ya ƙare, ya ƙare. Haushina shi ne ba za mu taɓa sani ba.

Da zai leƙo garake yau, ya ga injuna masu aiki da hasken rana, shiru kamar amare, da ya tofar da yawu ya ce abin da ba ya ƙara ba ya gwaduwa. Amma masu albasa har gobe in an gyara musu inji sukan tambaya, "An yi mai gwajin Illa?" Abin da ya bari ke nan, ya bar wa kowa ban da kansa.

Gani ga wane ya ishe wane tsoron Allah. Ni mai gudu in na hango allurar shanu, na riga na shirya abin da zan ce wa lokotoro: ku ba ta wuta har ta yi kururuwa. Allah ya jiƙanka, Yaya, amma wannan karon aikinka zan bi, ba bakinka ba.