Yadda Kwatar Ƙofar Gidana ta Shiga Littafin Shekara

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Da furfurata, da sandata, da matsayina na tsohon magatakardan ƙungiyar samari.

Eh, na taɓa riƙe muƙami. Lokacin da nake saurayi a nan Mubi muna da ƙungiya, 'ya'yan 'yan kasuwa irina da yaran manoma daga Vimtim da Betso, Musulmi da Kirista, kowa da irin Hausarsa. Ni aka ba littafin ayyukan shekara, saboda na kai aji huɗu a firamare kafin babana ya ga ilimin ya isa haka, ya miƙa ni shagon gyaran keke. Aikin ba wuya. Mu je gayya gonar wata tsohuwa, in dawo in rubuta mun je. Mu share maƙabarta, in rubuta mun share. Ƙarshen shekara in miƙe in karanta da murya irin ta mai labarai a rediyo, a tafa mini, a sha kunu, a watse. Ba wanda ya taɓa ce mini in kawo shaida.

To, bara jikata ta shiga irin wannan ƙungiya ta zamani. Ni ina kiranta amarya, ita tana kirana tsohon ango, kamar yadda kaka da jika suka saba. Su kowane mamba da littafinsa, kuma wanda nasa ya cika ya fi kyau, shi ƙungiya za ta tura Yola ya koyi haɗa sola. Yarinyar nan ta sa abin a ranta. Babu tocila ko rediyo a gidana da ba ta kwance ta ga hanjinsa ba. Ta dasa itatuwa, ta je duba marasa lafiya, ta koyar da yara karatu, duk ta rubuta. Shafi ɗaya ya rage mata, na tsaftar unguwa, kuma ranar Asabar da yamma ake karɓar littattafai.

Ranar Alhamis ta same ni a zaure ina cin goro.

"Tsohon ango, jibi za mu zo kwatar ƙofar gidanka."

"Me ta yi muku?"

"Ita ce ta fi kowace kwata toshewa a unguwar nan. Na zagaya na duba, ba ta da abokin gasa." Ta faɗa da fara'a, sai ka ce yabona take yi. "Za mu ɗauki hoto kafin mu fara, mu ɗauka in mun gama, in manna a littafi."

Da ta tafi na fita na tsaya a kan kwatar, na kalle ta kamar baƙuwa. Inna lillahi! Leda, robobin ruwa, warin silifa, ruwa kore shar da ya daina tafiya tun wata damina da na manta. Har da masara ƙwaya ɗaya ta tsiro a gefe, ta yi tsawo, tana shirin fitar da goyo. Wannan za a ɗauka a hoto, da ƙofar gidana a baya, a nuna wa duniya? Gidan tsohon magatakarda?

Washegari amarya ta tafi Vimtim wurin gwaggonta, a can za ta kwana. Ana saukowa daga masallacin Juma'a na kira masu baro, na tuɓe babbar riga, na tsaya a kansu ina ba da umarni. Kafin la'asar ta yi sanyi kwata ta fito tas, har siminti na gani a ƙasanta, ni da ban san akwai shi ba. Suka ce ina za su kai dagwalon, juji da nisa. Na ce su jibge shi a kwanar lungu, jikin katangar maƙwabciyata, daga baya a san yadda za a yi. Maƙwabciyar tsohuwar nas ce 'yar Michika, duk unguwa Sista muke ce mata, kuma ranar ta je biki. Na kwanta ina jin daɗin kaina. A lissafina na taimaki yarinya: aiki ya gamu, sai ta zauna a inuwa ta rubuta an yi.

Asabar da safe sai ga su, samari da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya, da shebur da manjagara, da malamar da ke sa hannu a littattafansu. Na fito da hula sabuwa na tsaya a ƙofa ina jiran godiya.

Suka leƙa kwata. Suka dubi juna.

"Wa ya yi wannan?" in ji amarya.

"Angonki mana," na ce, ina gyara hula.

"Wayyo Kaka, ka kashe ni!"

Ranar da ta ce mini Kaka, to babu wasa. Idonta ya cika da hawaye. Ta ce ba a karɓar aiki sai da hoto biyu, na ƙazanta da na tsafta, kuma dole a unguwar mutum, kuma dole yau. Na ce to ki rubuta an yi mana, ai an yi. Malamar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba, wa ya yi?"

Ban gama haɗiye wannan ba, sai wani dogon saurayi ya ce, "Baba, ina ka kai dattin? Mu dawo da shi mu zuba, mu ɗauka, mu sake kwashewa."

Na ɗauka raha yake yi. Wallahi sai na ga sauran suna gyaɗa kai, wani har ya ɗaga baro. Jama'a, na rayu na ga ranar da matasa suka zo da shebur su zuba wa kwata datti! Allah ya taimaka malamar ta ce, "Ba dai a littafin da zan sa wa hannu ba." Amarya ta zauna a dakali ta rufe fuska da mayafi. Damar zuwa Yola ta tafi ke nan, kuma ni na kore ta.

Muna cikin haka sai muka ji ihu daga kwanar lungu.

"Wane mara tsoron Allah ne ya kawo mini wannan?"

Sista ce ta dawo daga biki. Muka ruga, ni a baya. Ashe ruwan da aka yi kafin gari ya waye ya narkar da tsibin, ya malale hanya, ya kwanta a bakin ƙofarta baƙi ƙirin. Tana tsaye da jaka a ka, ta rasa inda za ta sa ƙafa.

Na ga fuskar amarya ta washe kamar an kawo wuta.

"Malama, wannan ya yi?"

"Wannan kam ya yi."

"Tsohon ango, zo ka tsaya nan. Matsa kusa. Yauwa, nuna shi da sanda."

Ni kuwa na ɗauka karramawa ce ga dattijon da ya fara aikin. Na gyara hula, na fito da ƙirji, na nuna tsibin da sanda, har da murmushi. Suka kwashe shi tas suka kai juji, suka wanke wa Sista ƙofa. Sannan suka zaunar da ni a benci, suka kewaye ni, wata yarinya ta yi mini bayanin sauro da kwalara. Ina ta gyaɗa kai irin na manya, ana ta ɗaukar hoto.

Ranar taron shekara aka aiko mini da gayyata. Na sa riga mai sitaci, aka ba ni kujerar gaba a zauren makaranta, kusa da Sista. Da aka zo kan amarya aka kunna majigi. Sai ga ni a bango, fuskata ta kai girman ƙofa, ina murmushi ina nuna dagwalo kamar wanda ya noma shi.

Ta karanta da murya irin ta mai labarai, ban san inda ta gado ta ba: "Wani dattijo ya zubar da ƙazanta a kan hanya. Mun kwashe. Mun kuma wayar masa da kai, ya nuna ya fahimta."

Zaure ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ai ga dattijon nan a gaba!" Na nemi inda zan sa kaina, hula ba ta isa ba. Malamar ta ce shafin ya ƙunshi aiki biyu, tsafta da wayar da kai, babu wanda ya kawo irinsa. Aka kira sunan amarya, ita za ta Yola. Na tafa, don jikata ce.

Da muka fito na tsayar da ita a bakin ƙofa, na tattaro duk sauran girmana.

"Amarya, haka ake yi? A zamaninmu littafin shekara rufa wa mutane asiri yake yi. Ni da na yi zufa don kada a ga kunyar gidanmu, ni za ki rataye a bango? Mutum mai kunya irina?"

Kafin ta buɗe baki, Sista ta juyo, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kunya? Baba, shekara da shekaru kwatan nan naka yana aiko mana sauro, muna kwana muna mari, ba ka ji kunyan mu ba. Sai da ka ji za a ɗauka hoto?"