Shafin Malam Haliru na Fakku

Akwai wata safiyar Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Farkon damina ne, lokacin ina jami'in kula da shafuka a wani ƙaramin ofishin kwamfuta a Tambuwal. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ga yadda abin ya faru.

Aikina shi ne in buɗe wa mutum shafinsa na intanet, irin wanda ake kira bulog, in nema masa masauki, in kuma tabbatar yana buɗuwa sosai a waya, tunda a ƙasarmu kusan kowa da waya yake karatu. Masauki, ga wanda bai sani ba, wata babbar na'ura ce a can nesa da ake ajiye rubutun mutum a cikinta, kamar ka ba wani ajiyar hatsi a rumbunsa. Duk wanda ya shiga ya ƙara wani abu, na'urar tana rubuta lokacin da ya shiga da abin da ya shiga da shi. Wannan muke kira rajista.

Cikin waɗanda nake kula da shafukansu akwai Malam Haliru, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma garinsu Fakku, a ƙasar Kebbe. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali. Ran da ya fara zuwa ofis ya ce da ni, "Nasiru, abin da ni sani ya yi yawa a binne ni da shi. Ka samo min inda nika zuba shi." Na buɗe masa shafi, na saka masa manhajar rubutu a wayarsa, na ƙara girman haruffan saboda idonsa. Yakan yi rubutu a kan irin gero da dawa, da lokacin shuka, da sunayen tsoffin gonaki da waɗanda suka sare su. Manoma daga Sanyinna har Dogon Daji suna bibiyarsa, wanda bai iya boko ba a karanta masa.

Ƙarshen rani Allah ya yi masa rasuwa bayan doguwar jinya. Na je ta'aziyya, na dawo, na bar shafin yadda yake.

An yi sadakar arba'in da 'yan kwanaki, ranar Larabar nan ina buɗe ofis da hantsi, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon da ke sanar da ni duk wani sabon rubutu ne. Na duba: Malam Haliru ya wallafa. Na buɗe. Hoton rufin ɗaki ne, azara da tabarma, an ɗauka daga kwance. A ƙasa an rubuta: "Yau jikin da sauƙi. Ina jin tattabarun Sanda bisa katanga. Ku gaya wa masu shuka kada ruwan farko ya ruɗe su." Kwana biyu ke nan da saukar ruwan farko.

Na bi ƙa'idar aiki. Da farko na duba ko ya tsara rubutun ne tun yana raye ya sa masa ranar fita, domin ana iya yin haka. Babu ko ɗaya. Na duba ko wani ya fasa shafin. Babu alama. Na buɗe rajista, sai ta nuna an shiga da kalmar sirrinsa, daga wayarsa, wadda ni da kaina na saita.

Mako ya zagayo, wani rubutun ya sake fita. Wannan karon hoton ƙofar ɗaki ne a rufe, da layi biyu: "Sun zaci barci nika. Ina jin duk abin da ake faɗi." A ƙarƙashin rubutun mutane suka cika wurin sharhi da salati. Wasu suka ce aljani ne, wasu suka ce yaron ofishin nan na Tambuwal ne yake wasa da sunan mamaci. Wani mai shago da na buɗe wa shafi ya aiko a cire ni daga nasa. A masallaci na ga ana kallona ana kau da kai.

Washegari babban ɗan marigayin, Alhaji Lawali, ya iso daga Sakkwato inda yake kasuwanci. Ko zama bai yi ba.

"Da hannuna ni sa Baba ƙasa. Wa ka rubutu da sunanai?"

"Alhaji, wallahi ba ni ba ne. Rajista ta nuna daga wayarsa abin yake fitowa."

"Wayatai tana cikin akwati a kashe, tun ran da munka yi jana'iza. Ka goge shafin ga yanzu."

Shugaban ofishinmu, Malam Sa'idu, ya fito ya ba shi kujera. Ya ce ba ma goge shafin mamaci da maganar baki, sai magada sun rubuto, kuma sai an kwafe komai an adana. Sannan ya juyo gare ni. "Ka bi Alhaji zuwa Fakku, ka ga wayar da idonka. Kada ka dawo min da an ce."

Mun isa Fakku a motarsa gab da azahar. Aka buɗe ɗakin marigayin, wanda ba a shiga ba tun bayan zaman makoki. Rana tsaka ce, amma ɗakin da sanyi da duhu-duhu. Na ɗaga kai, sai ga azarar nan da tabarmar nan, daidai yadda suke a hoton. Na tsinci kaina tsaye a inda gadon yake a da, sai na matsa gefe. Alhaji Lawali ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da riguna da takardu har ƙasa. Babu waya.

Muna tsaye sai wani tsoho ya yi sallama a bakin ƙofa. Baffa Sanda ne, ƙanen marigayin, manomi mai 'yan shanunsa, wanda bai yi boko ba. Da ya ji abin da muke nema ya sa hannu a aljihu ya fito da ita.

"Ga ta. Yaya yab ba ni kwana biyu kafin ya cika. Yac ce in an yi arba'in in riƙa kai ta caji Kebbe duk ran kasuwa, in kunna ta can, kar in bari ta mutu. Ban tambai dalili ba."

Nan na gane: wayar ba ta taɓa shiga akwati ba, zato kawai Alhaji ya yi. A gidan data ba ta kamawa, kira ma sai an fita bakin hanya. Manhajar kuwa in ka danna wallafa babu netwok, sai ta ajiye rubutun a layin jira, duk ran da ta samu hanya ta tura. Malam Haliru ya yi rubuce-rubucensa a gadon jinya, ya danna kowanne. A Kebbe wayar takan samu netwok ta tura guda ɗaya, saboda nauyin hoto, kafin Baffa ya kashe ta. Na yi musu bayani, Alhaji Lawali ya sauke ajiyar zuciya. Ni ma na ji kamar an sauke mini kaya.

Na kunna wayar don in nuna musu. Saura rubutu ɗaya a layi, babu hoto, an rubuta "yana jira" a gefensa. Alhaji ya ce in karanta.

Marigayin ya rubuta cewa shekaru da yawa baya, yana malamin gona, an kira shi shaida a rikicin iyaka tsakanin gonar gidansu da ta gidan Mamman Tsoho, maƙwabcinsu. Ya ce iyakar tsamiya ce, alhali ya san kututturen kirya ne da ke can ciki. Da wannan shaida kunyoyin gona da dama suka koma hannun gidansu, kuma Mamman Tsoho ya mutu bai sake yi masa magana ba. "Na kasa faɗa da baki. Ku mayar wa marayunsa, kada a tashe ni da ƙasar wani a wuya."

Baffa Sanda ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannun riga. Alhaji Lawali ya ce, "Goge shi. Zafin ciwo na, ba shi cikin hankalinai."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ban da ikon goge maganarsa. Amma zan hana ta fita har ku zauna ku yi shawara." Na kashe data a gabansu, na duba, rubutun yana nan yana jira. Na kashe wayar gaba ɗaya na miƙa masa, ya zura a aljihun gabansa.

A hanyar komawa, muna gab da shiga Kebbe, inda netwok yake farawa, wayata ta yi ƙara. Malam Haliru ya wallafa. Alhaji ya taka birki har ƙura ta rufe mu. Ya zaro wayar mahaifinsa: a kashe take, baƙa ƙirin. Na buɗe rajista daga tawa wayar. Lokacin da rubutun ya shiga masauki shi ne daidai lokacin da nake tsaye a ɗakin nan ina karanta musu shi.

Na sha juya abin a raina. Wataƙila iska ta kawo netwok na ɗan lokaci, rubutun ya fita, fuskar manhajar ba ta sauya ba. Yana iya faruwa. Sai dai Baffa Sanda ya rantse data ba ta taɓa kamawa a ɗakin ba, ni ma na koma sau biyu da wayoyi daban-daban na gwada, ko layi ɗaya ban gani ba.

A cikin motar na ce, "Alhaji, yanzu ya riga ya fita. In magada sun rubuto, ana iya sauke shi."

Ya daɗe yana kallon rubutun. Mutum biyu har sun yi sharhi a ƙasa, ɗaya daga cikinsu jikan Mamman Tsoho. Can Alhaji ya ce, "Bar shi. Tsoho ya riga mu." Ya juya kan motar muka koma Fakku. Kafin la'asar shi da Baffa Sanda da liman suna tsaye a bakin kututturen kirya tare da mutanen gidan Mamman Tsoho, kuma a daminar nan su suka shuka wurin.

Tun daga lokacin, duk wanda ya zo in buɗe masa shafi sai na yi masa tambaya biyu, na rubuta amsar a takardarsa: wa zai riƙe kalmar sirri bayanka, kuma me za a yi da abin da ka bari bai fita ba. Wasu suna dariya, wasu suna ɓata rai, dattijai kuwa sukan daɗe suna tunani. Ku ma ku riƙa tambaya. Muna zaton na'ura muke gyara, alhali mutane suna ba mu ajiyar abin da bakinsu ya kasa furtawa ne. Kuma kafin ɗayanku ya danna goge a kan rubutun wani, ya tuna mai shi ba kullum yake nan ya ce a'a ba.