Gabar Baffa Hashimu

A ƙauyukan da ke yamma da Tofa, da wuya ka sha ruwan rijiyar da Baffa Hashimu bai taɓa riƙe igiyarta ba. Dogo ne, in ya miƙe hannuwansa biyu sai ya cike bakin zaure. Shi ke riƙe igiya a sama, ƙanensa Dabo ke shiga ciki ya yi haƙa ko yasa. Masu wannan sana'a ba su san mita ba, da gaba suke awo, wato daga yatsun hannun dama zuwa na hagu idan mutum ya ware su. A al'adarsu ana sakin igiya da sauri, sai saura gaba biyu a kai ƙasa sannan a naɗe ta a jikin gungume a dinga sassautawa.

Shekara ashirin da huɗu ke nan da aka kira su yasar tsohuwar rijiyar bakin masallaci. Kowa ya san gaba goma sha biyu ce, domin mahaifinsu ne ya haƙa ta, shi ya faɗi haka. Abin da Hashimu bai tuna ba a ranar shi ne mahaifin nasu gajere ne. Yana ƙirga ta goma da nasa dogayen hannuwan, bai ko fara naɗewa ba, igiyar ta yi sako-sako. Dabo ya bugu da ƙasan rijiyar da ƙarfi, ya yi kwana shida a kwance ya cika, ya bar ɗa guda, Khalilu. Babu wanda ya ɗora wa Hashimu laifi. Amma ya rataye igiyarsa a rumbu ya koma noman gero da gyaɗa, shi ya riƙe Khalilu har ya yi masa aure.

A bazarar bara tuƙa-tuƙan unguwa ya lalace, rijiyar masallaci kuma ta cika da laka. Khalilu, wanda yanzu yake gyaran waya a Dawakin Tofa, ya ce zai shiga, amma sai in Baffa ne a kan igiya. Sau uku yana roƙo, sau uku tsohon yana juya masa baya.

Wata Juma'a bayan la'asar suna zaune a gindin darbejiya, Khalilu ya duƙufa a kan waya yana tsaki.

"Magidanci da 'ya'ya biyu, kana faɗa da gilashi," in ji Baffa.

"Kumbo nake son saukewa a duniyar wata, Baffa. Wasa ne. Sau tara ke nan ina fasa shi."

Tsohon ya matso. Khalilu ya nuna masa yadda kumbon ke kewaya watan kamar shaho, yadda ake juya bakin injin gaba a hura wuta don ya rage gudu, sannan ya fara gangarowa. A saman fuskar wayar lambobi suna ta raguwa.

"Wannan fa?"

"Nisan da ya rage a kai ƙasa. In ya kai dubu ɗaya sai in kunna inji."

Lambar tana dubu da ɗari takwas kumbon ya daki dutse ya tarwatse. Baffa Hashimu ya nuna tarkacen da yatsa.

"Da mutane a ciki?"

"Uku. Na wasa ne."

"Ko na wasa ne. Wa ya auna maka lambar?"

Khalilu ya duba, ya ƙara dubawa. Ashe daga kwari ake ƙirga nisan, shi kuwa a kan tudu yake sauka.

"Gabar wani ce," in ji tsohon a hankali. "Sake. Ka bar duban lamba, ka nemi inuwarsa."

Suka sake kewayo. Can inuwar kumbon ta bayyana a kan farar ƙasa, 'yar mitsitsiya, tana girma. Baffa ya ɗora hannu a kafaɗar Khalilu, muryarsa ta koma irin ta bakin rijiya. "Riƙe. Sassauta. Kaɗan. Riƙe kuma." Ƙafafun kumbon suka haɗu da inuwarsu, ƙura ta ɗan tashi ta kwanta. Khalilu ya yi dariya, amma da ya ɗago sai ya ga gemun Baffansa a jiƙe, ya haɗiye dariyar.

Washegari da hantsi Baffa Hashimu ya aika aka sayo sabuwar igiya, don tsohuwar ta ruɓe a rumbu. Ya ɗaura mata dutse ya zura shi cikin rijiyar masallacin har ya taɓa laka, ya jawo ya auna da hannuwansa a gaban jama'a. Gaba tara da rabi. Ya sake aunawa, ya ɗaura jan ƙyalle a inda zai fara naɗewa.

Khalilu ya ɗaure ƙugunsa ya yi bisimilla. Tun daga gabar farko tsohon bai saki da sauri ba, ko da wani dattijo ya ce a haka sai azahar. Mata suna tsaye da bokitansu suna kallo. Jan ƙyallen ya wuce ta tafin hannunsa, ya naɗe, ya ci gaba da sassautawa taƙi-taƙi, har igiyar ta yi sauƙi.

"Na taka, Baffa," in ji murya daga can ƙasa.

Baffa Hashimu ya zauna a kan gungumen, igiyar tana naɗe a hannunsa, ya ce a miƙo guga.