Ɓerayen da Na Kai wa Inna

Shekarun baya, cikin shekarun saba'in, ina ɗalibin jami'a, malaminmu ya damƙa mini kula da wasu fararen ɓeraye. Wata tawaya muke bincike a kanta, wadda suke gada a ƙwayar halitta: jinin da saifarsu ke haɗawa ba ya ƙosawa, sai saifar ta kumbura, kunnuwan su koɗe. Hutu ya zo, babu mai ba su abinci, ni kuwa sarkin iyayi na kinkimo kejin har gidanmu a Balan.

Mahaifina ya leƙa ya ce, "Ikon Allah! Muna fama da na rumbu, kai kuma ka yo mana tsarabar na boko?"

Inna kuwa, mahaifiyata, kunyata take ji. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa. Amma kullum ina zuba musu dusa, sai in gan ta raɓe da tsintsiya tana kallo. Ran nan ta nuna wani ɗan ƙarami ta ce, "Wannan mai tulun cikin fa?"

Na ce, "Saifa ce, Inna."

Sai ta zauna daɓas. Ƙanwata da kumburin saifa ta rasu, ba a ko yaye ta ba. Tsofaffi suka tatsi nonon Inna a ƙoƙo, suka jefa tururuwa, ta mutu, suka ce nonon ne mugu. Daga nan duk wanda ta haifa, wata ake kai wa ta shayar, ita tana ji tana gani.

Ta ce, "To uwar tasu, nononta ne?"

"A'a, Inna. Duba 'yan'uwansa, nono ɗaya suke sha, ga su ɓul-ɓul. Gado ne, sai ya haɗu ta uwa da ta uba, tun yana ciki."

"Har mutum?"

"Har mutum akwai irinsa."

Ta daɗe tana kallon uwar ɓerayen nan, ta share ido da bakin zane. Wallahi ni ma sai da na juya baya.

Har yau ban san takamaiman ciwon ƙanwata ba, amma na san ba nono ba ne, kuma duk karatuna babu abin da ya kai wannan amfani a wurina. Ranar da zan koma, Inna ta ƙullo mini gyaɗa a tsumma. Na miƙa hannu ina godiya, ta ce, "Ba taka ba ce, ta mai jegon ce. Kuma ka gaya wa malamin naku, kada a raba ta da 'ya'yanta."