Irin da Na Bizne

Shekarar da ake shimfiɗa titin jirgin ƙasa zuwa Gusau, maigidana yana can wurin aikin, ni da ɗiyata muna gida a gindin dutsen Kwatarkwashi. A wurin aikin ya karɓi addinin Almasihu, ya koya mini ɗan abin da ya sani. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a unguwar. Bikin tashin Almasihu ya zo ya wuce ba wanda ya sani sai ni, na yi addu'ata a tsakar gida cikin zafin bazara.

Rumbu ya ƙare ƙaf. Abin da ya rage sai irin gero a cikin tulu, baki a liƙe da laka. Yarinyar kuwa kullum idonta na kan tulun. "Inna, a daka mana." Wallahi ba ita nake tsoro ba, hannuna nake tsoro. Na san in tulun nan ya ƙara kwana a ɗakina, a turmi zai ƙare, damina ta same mu ba abin shukawa.

Sai na yi bizne, wato na shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Maƙwabciyata, tsohuwa mai faɗa amma mai kirki, ta tarar da ni a gona da sungumi.

"Ke, duka? Ko rabi ba ki ajiye ba? In yayyafi ya yaudare shi fa?"

Na ce, "Gwaggo, in na ajiye, ci za mu yi."

Bakinta kuwa kamar ta kira shi. Aka yi ɗan yayyafi, wanda ya isa ya tashi iri amma bai isa ya rayar da shi ba, sannan sama ta washe tas. Na tona rami guda, na ga ƙwayar ta fasa, ta fid da farin tsiro kamar zare. Yanzu ba ta ciwuwa, rana kuma na jiran ta.

Ganyen rafi da na daji muka yi ta ci. Kowace safiya ina gona, ina duban gabas har wuyana ya ƙage. Addu'ar kirki ma ban iya ba. Cewa kawai nake yi, "Ya Yesu, kai ma an rufe ka, kowa ya fid da rai. Ka san wannan jiran. Kada ka bari in zama na hana 'yata abinci a banza."

Tsiron ya fito, ganyensa ya fara naɗewa ranar da hadari ya taso ta bayan dutse. Ban yarda ba sai da ruwa ya cika kunyoyin gona.

Da gari ya waye na goya yarinyar, don ƙafafunta ba ƙarfi, na kai ta gona. Layi-layi, kore shar. Na sauke ta, na ce, "Duba, ga tuwon da na hana ki."

Ta tsuguna ta taɓa ganye ɗaya da yatsa. Ta ce, "Inna, yaushe zai nuna?"